Tarihin Utamaro, Gwanin Zanen Matan Japan

A wannan fili da mu kan kawo labarin mashahuran mutanen da suka shuɗe, galibi sarakuna mu ke kawowa, ko mayaƙa, ko manyan masana. Yau kuwa labarin wani mai sana'ar hannu na ƙasar Japan za mu kawo. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuwa taɓa jan runduna ba, amma sai da hukumar ƙasarsa ta yi shekara goma sha huɗu tana kafa doka bayan doka a kan irin aikin da shi da abokan sana'arsa su ke yi, daga ƙarshe har ta sa masa ankwa. Sunansa Kitagawa Utamaro. An haife shi wajen shekarar 1753, ya rasu cikin 1806. Sana'arsa ita ce zana hotunan mata, waɗanda a ke bugawa da allunan katako a sayar a kasuwa da ɗan kuɗi kaɗan.

Birnin Edo Da Mutanensa

Kafin mu shiga labarinsa ya kamata mu san irin garin da ya zauna. A zamaninsa Japan tana da babban Sarki a birnin Kiyoto, amma girma kawai a ke ba shi. Mulki yana hannun shugaban mayaƙa mai laƙabin Shogun, wanda ke zaune a birnin Edo, watau Tokiyo ta yanzu. Gidan Tokugawa ne ya riƙe wannan muƙami tun daga 1603 har zuwa 1868. Sun kasa jama'a kashi huɗu. Mayaƙa, waɗanda a ke kira samurai, su ne a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, sa'an nan 'yan kasuwa a can ƙasa. Sun kuma rufe ƙasar, ɗan ƙasa ba ya fita, Bature ba ya shiga, sai fataken Holan kaɗai, su ma a wani ɗan tsibiri na tashar Nagasaki aka tsare su.

Da ya ke yaƙe-yaƙe sun ƙare, Edo ta cika ta batse, har mutanenta suka kai kimanin miliyan ɗaya. 'Yan kasuwan nan da aka ajiye a ƙasa, su ne dukiya ta taru a hannunsu, amma ba su da ta cewa a sha'anin mulki. To, attajirin da aka toshe wa hanyar sarauta, ina zai kai kuɗinsa? Sai suka zuba shi a gidajen wasan kwaikwayo, da gidajen shan shayi, da tufafi masu tsada, da littattafan nishaɗi, da wata unguwar mata masu zaman kansu da a ke kira Yoshiwara. Wannan irin zama shi suka raɗa wa suna ukiyo. Asalin kalmar daga mabiya addinin Buda ta ke, ma'anarta duniyar baƙin ciki wadda ba ta da tabbas. Mutanen Edo suka juya ta, ta koma duniya mai yawo kamar abin da ruwa ya ɗauko, wadda za a ci daɗinta tun ba ta wuce ba. Hotunan da ke nuna wannan rayuwa su a ke kira ukiyo-e.

Yadda A Ke Buga Hotunan

Duk akawun da ya taɓa danna hatimi bisa takarda ya riga ya san tushen wannan sana'a, sai dai tasu ta fi wuya nesa ba kusa ba. Mutum huɗu ke haɗuwa kafin hoto guda ya fito. Na fari shi ne mai shagon ɗab'i, wanda ke sa jari, ya zaɓi abin da za a zana, ya kuma sayar. Na biyu shi ne mai zane, wanda ke zana hoton da baƙar tawada bisa takarda marar kauri. Na uku masassaƙi ne. Shi zai kifa takardar nan a kan allon icen ceri ya liƙa ta, sa'an nan ya bi da 'yar wuƙa yana ƙwaƙule katakon, ya bar layukan zanen kaɗai a tsaye. Ta haka zanen da gwani ya yi da hannunsa ya kan hallaka a cikin aikin, allon ne ke maye gurbinsa. Kowane launi kuma da allonsa dabam, har hoto guda ya kan ci allo goma ko fiye.

Na huɗu shi ne mai bugu. Zai shafa launi a allo, ya gauraya shi da ɗan ƙullun shinkafa, ya shimfiɗa takarda mai ɗan laima a kai, ya goga bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji ko guda, ƙarfin dantse ne kawai. Haka zai bi allunan ɗaya bayan ɗaya da takarda guda, yana daidaita ta da wasu 'yan tsagu da aka yi a gefen kowane allo, don kada ja ya hau inda kore zai zauna. Takardar da ɓawon itace a ke yinta, tana da ƙarfin jure wannan guga. Girman hoton da aka fi bugawa ya kai kamar inci 15 a tsaye, inci 10 a kwance, kuɗinsa kuwa bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba.

Bugun launi da yawa haka, cikin 1765 aka fara shi sosai, a hannun wani gwani mai suna Suzuki Harunobu, wanda ke zana 'yan mata sirara kamar yara. Bayansa Torii Kiyonaga ya yi fice da zanen mata dogaye, suna tsaye ko suna yawo a bakin kogi. Duk su biyu, mace tun daga kai har ƙafa su ke zanawa, abin da mai kallo ke fara gani kuwa shi ne adon tufarta. A nan Utamaro ya tarad da sana'ar.

Ƙuruciyarsa Da Koyonsa

Sunansa na yanka Ichitaro. Tun yana yaro aka sa shi hannun wani malamin zane mai suna Toriyama Sekien, wanda ya shahara da littattafan hotunan aljanu da dodannin tatsuniyoyin Japan. Ya daɗe a gaban wannan malami, kuma Sekien ya bar mana shaida guda game da halin almajirinsa. A ƙarshen wani littafi ya rubuta cewa tun Utamaro yana ƙarami ya ke da naci wajen duban ƙananan abubuwa, har ya kan ɗora gyare a tafin hannunsa ya shagala da kallonsa. Wannan shaida tana da daraja ƙwarai, gama Utamaro bai bar wasiƙu ko littafin labarin kansa ba, aikinsa ne ke ba da labarinsa.

Ya fara cin abinci da sana'ar wajen 1775, yana zana bangon littattafan wasan kwaikwayo da hotunan 'yan wasa, da sunan Toyoaki. Ayyukan nan ba su fi na sauran tsaransa ba. Wajen 1781 ya ɗauki sunan Utamaro, kuma a daidai wannan lokaci ya gamu da mutumin da ya buɗe masa hanya, watau Tsutaya Juzaburo.

Shi Tsutaya ɗan unguwar Yoshiwara ne, an haife shi cikin 1750. Da ɗan shagon littattafai ya fara a bakin ƙofar unguwar, yana sayad da littafin da ke nuna gidajenta da sunayen matan ciki. Yana da idon gane gwani tun bai yi suna ba. Cikin 1783 ya ƙaura zuwa Nihonbashi, tsakiyar kasuwar Edo inda manyan masu ɗab'i su ke, Utamaro kuwa ya zauna a gidansa 'yan shekaru. A gidan nan mawaƙa da marubuta su kan taru, samurai da 'yan kasuwa a tabarma guda, suna tsara gajerun waƙoƙin ban dariya. Tsutaya ya ga ciniki a ciki. Ya riƙa tara waƙoƙin yana bugawa, Utamaro na ƙawata su da hotuna.

Daga nan aka sami littattafai uku da har yau a ke yabo. Na fari, na 1788, na ƙwari ne da ƙananan halittu, da fara, da malam-buɗe-littafi, da ƙadangare, da kwaɗo, kowanne a kan irin ganyen da a kan same shi. Na biyu na katantanwar bakin teku ne, na uku na tsuntsaye. Wanda ya dubi littafin ƙwarin nan zai ga yaron da ya ɗora gyare a tafin hannu bai yi asarar lokacinsa ba. A cikin shekarar da littafin ya fito malaminsa Sekien ya rasu. Ba za mu ɓoye ba kuma, a wannan shekara Utamaro ya yi wani kundi na hotunan batsa, irin waɗanda hukuma ta hana amma a ke sayarwa a ɓoye, kamar yadda galibin masu zanen zamanin suka yi.

Ya Matso Kusa Da Fuska

Wajen 1792 Utamaro ya fito da abin da ya ɗaukaka sunansa. Maimakon ya zana mace a tsaye daga nesa, sai ya matso, ya cika takardar da kanta da kafaɗunta da hannuwanta. Da ma a kan yi wa 'yan wasan kwaikwayo irin wannan hoto, shi ne ya mai da shi na mata har ya zama abin yayi. Ya kawad da ɗaki da lambu da kogi daga bayanta, aka shafe wurin da garin wani dutse mai ƙyalli, har fuskar ta fito kamar a madubi. Tun da ba sauran abin da zai ɗauke ido, tilas mai kallo ya dubi matar kanta, ya tambayi ransa abin da ke cikin zuciyarta.

Ga wata tana karanta wasiƙa, ta kawo takardar dab da idonta kamar mai tsoron a leƙa. Ga wata matar aure, an aske mata gira bisa al'adarsu, ta yi tagumi, idanunta sun ƙanƙance, hankalinta ya tafi wani wuri. Ga wata ta sunkuyar da kai, lofe a hannu, tana ɓoye son da ba ta iya faɗa. Ga kuma wata budurwa cikin riga mai zanen dara ja da fari, tana busa wani abin wasa na gilashi, ta juyo da sauri har hannun rigarta ya tashi. Baƙon ido zai ce duk fuskokin ɗaya ne, doguwar fuska, 'yan idanu, ɗan ƙaramin baki, gama haka ma'aunin kyau ya ke a wurinsu. Amma in ya daɗe yana dubawa zai ga gwanin da ɗan karkata wuya, ko ɗaga gira, ko yadda yatsu suka riƙe abu, ya ke rarrabe mai fushi da mai kunya da mai jiran wani.

Aikin ya jawo wa masassaƙa da masu bugu wahala mai yawa. Sai an sassaƙa gashin goshi ɗaya ɗaya, siriri kamar zaren gizo-gizo. Wani lokaci ya kan sa a nuna fuska ta bayan gidan sauro, ko ta bayan yadi shara-shara da mai ɗinki ta ɗaga tana dubawa. Wani lokaci kuma a danna allo ba launi, don farin yadi ya yi tudu-tudu a jikin takarda.

Wajen 1793 ya buga hoton da ya fi kowanne shahara, na kyawawa uku na zamanin. Ɗaya mawaƙiya ce mai suna Toyohina. Ɗaya Okita, mai kai wa baƙi shayi a wani shago kusa da babban ɗakin ibada na Asakusa. Ta uku Ohisa, 'yar wani mai sayad da gurasar shinkafa a unguwar Ryogoku. Biyun nan 'ya'yan talakawa ne, ba su kai shekara ashirin ba, amma hoton ya sa sunansu ya cika Edo, mutane suna tururuwa zuwa shagunan don su gan su.

Abin Da Hotunan Suka Nuna Da Abin Da Suka Rufe

Kashi mai yawa na aikinsa a kan matan Yoshiwara ya ke, don haka wajibi ne mu faɗi gaskiyar wurin. An kafa unguwar da iznin hukuma cikin 1617, aka mai da ita bayan gari cikin 1657, aka kewaye ta da gwalalo, ƙofarta ɗaya tak. Matan ciki galibi 'ya'yan matalauta ne, waɗanda iyayensu suka karɓi kuɗi suka ba da su tun suna ƙanana, bisa sharaɗin aiki na kimanin shekara goma. Kuɗin tufafi da na ado duk a kansu a ke rubutawa, bashi ya yi ta hawa, ba su da ikon fita ƙofa, cuta kuma ta kashe da yawansu tun da ƙuruciya. A zamanin Utamaro an yi babbar yunwa daga 1782 zuwa 1788, wadda ta ƙara talauta mutanen ƙauye.

Wajen 1794 ya yi hotuna goma sha biyu, bisa yadda Japanawa ke kasa yini da dare kashi goma sha biyu, yana nuna abin da matan nan ke yi a kowane lokaci. Akwai mai rubuta wasiƙa, akwai mai raka baƙo da asuba, akwai wadda ta tashi cikin tsakar dare tana laluben takalmi da magagin barci. Ya nuna gajiyarsu, amma bai nuna bashin da cutar ba. Kada mu manta mai buga hotunan ɗan unguwar ne, hotunan kuwa talla ce ga gidajen. Wanda ya ɗauki zanen Utamaro a kan cikakken labarin Yoshiwara, ya ga rigar ne bai ga ƙurjin da ke ƙarƙashinta ba.

Inda ya fi burge mu shi ne da ya juya ga matan gida da masu sana'a. Ya zana mata a madafa, ɗaya tana hura wuta da bututun gora, ɗaya ta yamutse fuska don hayaƙi. Ya zana masu ɗinki, da masu nutso cikin teku suna ɗebo kawa, da uwa tana ba ɗanta mama, da wata tana yi wa nata wanka. Wajen 1800 ya yi hotuna goma sha biyu na matan da ke kiwon tsutsar siliki, tun daga ƙwai, da yankan ganyen da a ke ba ta, har zuwa kaɗi da saƙa. Da irin idon da ya dubi shahararrun mata, da shi ya dubi waɗannan.

Tsakaninsa Da Hukuma

Bayan yunwar nan da tarzomar da ta biyo ta, cikin 1787 aka ɗora wani basarake mai tsanani, Matsudaira Sadanobu, a kan majalisar Shogun. A ganinsa almubazzaranci da shagala ne suka lalata ƙasa, magani kuwa shi ne kowa ya koma matsayinsa. Cikin 1790 aka yi doka, kada a buga hoto sai an duba shi an danna masa hatimin yarda. Cikin 1791 aka kama Tsutaya saboda wasu littattafai uku na labarin Yoshiwara, aka ƙwace rabin dukiyarsa, marubucinsu Santo Kyoden kuwa aka sa masa ankwa kwana 50. Sadanobu ya sauka cikin 1793, amma dokokin ba su sauka tare da shi ba.

A wannan shekara ta 1793 aka hana rubuta sunan mace a jikin hoto, in ba ta Yoshiwara ba ce. Hukuma ba ta so a ce 'yar mai shayi ta yi sunan da ya fi na matan manya. Aka share sunayen kyawawan nan uku daga allo, amma tambarin gidajensu yana nan a jikin tufafinsu, kowa ya gane su. Utamaro kuma ya ɓullo da wata dabara, ya riƙa rubuta sunan da kacici-kacici na hoto a kusurwar takarda. Ga misalin na Okita, wadda a ke kira Naniwaya Okita da sunan shagonsu. Ya zana dami biyu na ganyen miya, wanda a bakinsu ya ba da na-ni-wa, sai kibiya, watau ya, sai tsakiyar teku, watau oki, sai gonar shinkafa, watau ta. Mai saye ya haɗa da kansa, ya yi dariya. Cikin 1796 aka hana wannan ma. Cikin 1800 aka hana hotunan manyan fuskoki ɗungum, wai sun cika jan ido. Sai ya ɗan ja da baya, ya riƙa sa mutum biyu ko uku a takarda guda, wani lokaci ya zana malalaciya ko mashayiya, ya rubuta gargaɗin iyaye a samanta, don hoton ya wuce a kan na koyad da tarbiyya.

Ana cikin haka Tsutaya ya rasu cikin 1797, bai cika shekara hamsin ba. Utamaro ya rasa mai riƙe masa linzami. Masu ɗab'i da yawa suka yi masa caa, kowa na son nasa, aiki ya yi yawa, kyansa ya soma raguwa. Masu kwaikwayonsa kuma suka yawaita, har a wasu hotuna ya kan ƙara wata kalma gaban sunansa don a san na ainihin Utamaro ne. Hotunan da ya zana aka buga sun haura 2,000.

Ankwa Da Rasuwa

Abin da ya kā da shi daga ƙarshe ba hoton mata ba ne. Daga 1797 zuwa 1802 an buga wani dogon littafi mai hotuna a birnin Osaka a kan tarihin Toyotomi Hideyoshi, mutumin da ya tashi daga talauci ya haɗa Japan a hannunsa, ya rasu cikin 1598. Littafin ya karɓu ƙwarai, masu zanen Edo suka shiga buga hotuna daga cikinsa. Amma sunan Hideyoshi ƙaya ne a ƙafar gidan Tokugawa, domin kakansu Ieyasu daga hannun magajin Hideyoshi ya karɓe mulki, ya kuma hallaka gidan baki ɗaya a Osaka cikin 1615. Al'adar masu zane ita ce su sauya sunayen irin waɗannan manya don su kauce wa doka. Utamaro bai sauya ba. Ya zana Hideyoshi da sunansa a fili, cikin shagali, yana kallon furanni tare da matansa.

Cikin 1804 aka kama shi tare da wasu masu zane, har da Utagawa Toyokuni, aka hana littafin, aka yanke masa ankwa kwana 50. Wannan horo a gida a ke yinsa. A kan haɗa hannuwan mutum biyu cikin ƙarfe, a liƙa hatimi a makullin, lokaci lokaci ma'aikata su zo su duba ko an taɓa. Cin abinci da sa tufa sai an taimake shi. Ku duba fa, mutumin da ya haura shekara hamsin, wanda ya shekara talatin bai ajiye alƙalamin zane ba, shi ne aka ɗaure wa hannu. Da aka kwance shi ya koma aiki, gama masu ɗab'i suna jira, amma bai daɗe ba. Ya rasu ran 31 ga Oktoba, 1806, aka binne shi a wani ɗakin ibada mai suna Senkoji. Wani almajirinsa ya ɗauki sunan ya ci gaba da zane, sai dai bai kama ƙafar malaminsa ba.

Bayan Rasuwarsa

Cikin 1853 jiragen yaƙin Amurka suka iso bakin Edo, aka tilasta wa Japan ta buɗe tashoshinta, cikin 1868 kuma mulkin Tokugawa ya faɗi. Hotunan nan da mutanen ƙasar ba su ɗauka da tsada ba, sai fatake suka riƙa kwasarsu zuwa Turai. A birnin Faris suka sami masoya. Cikin 1890 aka yi babban nuni na hotunan Japan a can, wata mai zane 'yar Amurka, Mary Cassatt, ta gani, ta koma ta yi hotuna goma na mata a cikin gida bisa wannan hanya. Cikin 1891 wani marubucin Faransa, Edmond de Goncourt, ya wallafa littafi sukutum a kan Utamaro. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga kyawawan bugun aikinsa su ke gidajen ajiyar kayan tarihi na Turai da Amurka.

Ban da na bugawa, ya bar manyan zane-zane uku da ya yi da hannunsa, na wata, da na furanni, da na dusar ƙanƙara. Biyu sun tafi Amurka. Na dusar ƙanƙara, wanda faɗinsa ya haura ƙafa goma sha ɗaya, ya ɓace shekaru da yawa, sai cikin 2014 aka sāke nuna shi ga jama'a a Japan, cikin 2017 kuma aka jera su uku tare a birnin Washinton. Cikin 2016 aka yi gwanjon bugu guda na hoton matar nan mai lofe a Faris, aka saye shi a kan kuɗin Turai fiye da Yuro 700,000, takardar da a zamaninta ba ta fi kuɗin abincin rana ba. A ƙasarsa kuma, cikin 1955, gidan waya na Japan ya fitad da kan sarki na yen 10 da hoton budurwar nan mai busa abin wasa na gilashi. Irin hoton da hukumar 1800 ta hana bugawa, shi hukumar 1955 ta buga da kanta, ta sayar wa jama'a su liƙa a wasiƙunsu.

Abin da mu ke so masu karatu su riƙe, musamman malaman makaranta, shi ne mafarin gwanintar mutumin nan. Hannu mai kyau da yawa sun samu a Edo, allo da launi kuwa na kowa ne. Abin da ya raba shi da su shi ne haƙurin duba abu har ya gan shi yadda ya ke, ko ƙwaro ne a kan ganye, ko mai hura wuta a madafa. Malaminsa ya lura da wannan hali tun yaron yana wasa da gyare, bai kuwa manta da shi ba har tsufansa. In malami ya ga wani ɗa a ajinsa ya tsura wa ƙaramin abu ido ya shagala, ya kamata ya tambaye shi abin da ya gani kafin ya ce masa malalaci.